Sir Humphry Davy Da Fitilar Masu Haƙar Kwal

Masu haƙar rijiya a ƙauyukan Argungu da Birnin Kebbi sun san cewa ba kowace iska ake shaƙa a ƙarƙashin ƙasa ba. Shi ya sa gwanayensu kan zura fitila cikin rijiya mai zurfi kafin mutum ya sauka. In ta mutu, to, ba a shiga. A ramukan kwal na ƙasar Ingila kuwa, shekara ɗari biyu da suka wuce, al'amarin ya fi haka muni, gama iskar da ke can kamawa take yi da wuta, ta tashi da ramin da mutanen da ke cikinsa. Mutumin da sunansa ya fi fita wajen neman maganin wannan masifa shi ne Sir Humphry Davy.

An haifi Davy ran 17 ga watan Disamba na shekarar 1778 a garin Penzance, cikin lardin Cornwall, ƙasar da ta shahara da haƙar kuza da tagulla. Mahaifinsa masassaƙi ne, ya kuwa rasu a 1794 ya bar iyalinsa da bashi. Da yake Davy ne babba cikin 'ya'ya biyar, sai aka kai shi koyon aiki wurin wani likita mai haɗa magunguna. Bai yi karatun jami'a ba. Abin da ya sani na ilmin haɗa sinadarai, da kansa ya tsinto shi daga littattafai da gwaje-gwaje.

A 1798 Dokta Thomas Beddoes ya ɗauke shi aiki a Bristol, a wata cibiya da ke binciken ko za a iya warkar da cuta ta hanyar shaƙar iska iri-iri. Davy ya mai da jikinsa abin gwaji. Ya shaƙi iskar nan mai sa dariya, ya lura tana kashe zafin ciwo, har ya ba da shawarar a yi amfani da ita wajen fiɗa, amma sai bayan fiye da shekara 40 likitoci suka waiwayi maganar. Ya kuma shaƙi wata iska mai guba, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta, saura kaɗan ya sheƙa barzahu.

Daga nan ya koma Landan a 1801, ya zama malami a cibiyar kimiyya ta Royal Institution, inda manyan gari suka riƙa cika zaure don jin laccarsa. A 1807 ya yi amfani da ƙarfin lantarki ya ware sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, da kuma fotashiyam da ake samu cikin toka. A 1810 ya tabbatar da cewa kulorin, wanda ake tsabtace ruwan famfo da shi yanzu, sinadari ne mai zaman kansa. An ba shi lambar girma ta Sir a 1812, shekarar da ya yi aure.

A cikin wannan shekara ce, ran 25 ga watan Mayu, ramin kwal na Felling da ke kusa da Newcastle ya yi bindiga. Mutum 92 suka halaka, manya da yara, ƙananan cikinsu 'yan shekara takwas. Sanadin abin shi ne iskar gas da ake kira miten, wadda ke tsattsafowa daga jikin kwal ta taru a saman rami. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, harshen kyandir ɗaya ya isa. Ga shi kuma ba a haƙa cikin duhu. Dabarar da ake yi a wurare masu haɗari ita ce a sa yaro ya riƙa juya wata ƙafar ƙarfe a jikin ƙanƙara, tamkar ƙyastu, a yi aiki da hasken tartsatsin. Shi ma tartsatsin yakan ta da gobara.

Limamin cocin yankin, John Hodgson, wanda ya binne mamatan, ya ƙi bari a rufe zancen. Ya buga labarin dalla-dalla, daga nan aka kafa ƙungiyar hana haɗari a ramukan kwal a Sunderland cikin 1813. Ƙungiyar ce ta nemi taimakon Davy a watan Agusta na 1815. Ya je Newcastle ya gana da John Buddle, babban injiniyan ramukan yankin, sa'an nan aka aika masa da iskar cikin kwalabe zuwa Landan, inda ya duƙufa tare da mataimakinsa Michael Faraday.

Abin da ya gano mai sauƙin faɗa ne. Iskar ba ta kamawa sai ta sami zafi mai tsanani, ƙarfe kuwa yana janye zafi da sauri. Ya ga harshen wuta ba ya iya ratsa siririn bututun ƙarfe, domin kafin ya kai ƙarshe ya huce. Sannu a hankali ya gane cewa ragar waya mai ƙananan ƙofofi, kamar rariyar tankaɗe, za ta yi aikin bututu masu yawa. Sai ya kewaye lagwanin fitila da irin wannan raga, mai waya 28 a kowane inci, watau ƙofofi 784 a murabba'in inci. Iska tana shiga, haske yana fita, amma in gas ya kama a ciki, wutar ba ta tsallake ragar. Har ila yau fitilar tana gargaɗi: in akwai gas sai harshenta ya yi tsawo da hula shuɗiya, in kuwa iskar shaƙa ta yi ƙaranci sai ya dushe, kamar dai fitilar mai haƙar rijiya. An gwada ta a ramin Hebburn cikin Janairu na 1816, ta kuwa yi aiki.

Buddle ya ba shi shawara ya yi rajistar mallakar fasahar don ya ci riba, Davy ya ƙi. Wannan karamci ne da ba za a hana masa ba. Amma ya kasa nuna irinsa ga George Stephenson, wani makanikin ramin Killingworth wanda sai da ya girma ya koyi karatu, wanda kuma ya riga ya gwada tasa fitilar a ƙarƙashin ƙasa tun watan Oktoba na 1815. Davy da magoya bayansa suka zarge shi da satar dabara, alhali ba su da hujja. Masu ramuka suka ba Davy kayan azurfa na kimanin fam 2,000, suka sallami Stephenson da ɗari da 'yan kai, sai daga baya mutanen arewa suka tara masa fam 1,000. Shi ne kuma wanda duniya ta sani daga bisani da aikin jirgin ƙasa. Ko Faraday bai tsira ba, don Davy ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society, wadda ya shugabanta daga 1820 zuwa 1827. Ciwon shanyewar jiki ne ya raba shi da muƙamin, ya kuwa rasu a Jeneba ran 29 ga watan Mayu na 1829, yana da shekara 50, bai bar ɗa ba.

Shekara shida bayan rasuwarsa, wani kwamitin majalisar dokokin Ingila ya binciki haɗarin ramuka, aka gabatar masa da lissafi mai tayar da hankali. A lardunan Durham da Northumberland, mutum 447 suka mutu cikin shekara 18 kafin fitilar, amma cikin shekara 18 na bayanta 538 suka mutu. Gaskiya ne cewa haƙar ta ƙaru ƙwarai a wannan tsakani. Sai dai babban dalili shi ne masu ramuka sun sami abin dogara, suka sake buɗe wuraren da aka gudu saboda gas, suka ƙara zurfi, ba tare da sun kashe kuɗin shigar da isasshiyar iska ba. Ita kanta fitilar tana da rauni. Haskenta kaɗan ne, har leburan da ake biyansa bisa yawan kwal ɗin da ya fitar yakan buɗe ta. Waya ɗaya in ta yi tsatsa ta tsinke, kariya ta ƙare, iska mai ƙarfi kuma takan tura wutar waje. A wannan shekara ta 1835 ramin Wallsend, wanda Buddle da kansa ke kula da shi, ya yi bindiga ya kashe mutum 102.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne ga wanda ya san ramukan zinariya na ƙasar Yawuri, inda injin jan ruwa ke ba matasa damar nutsawa fiye da inda iyayensu suka tsaya, ko wanda ya tuna yadda injin niƙa dutse ya watsa ƙurar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har yara fiye da 400 suka rasu a 2010. A Ingila, sai a 1842 doka ta hana saukar da mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 cikin rami. Jami'an gwamnati masu ikon shiga rami su duba kuwa, sai a 1850 aka naɗa su, shekara 34 bayan gwajin Hebburn, su huɗu kacal ga ramukan Biritaniya baki ɗaya.