John Scott Haldane, likitan da ya shaƙi guba don sojoji su samu numfashi

Da yammacin 22 ga Afrilun 1915, a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, sojojin Jamus suka saki iskar kulorin sama da tan 150. Iska ta kwashe ta zuwa ramukan rundunar Faransa, wadda a cikinta akwai sojoji 'yan Aljeriya masu yawa. Ba wanda yake da abin rufe hanci. Cikin 'yan kwanaki Sakataren Yaƙi na Birtaniya, Lord Kitchener, ya tura wani likita mai shekara 54 ya gano abin da ya kashe su.

An haifi John Scott Haldane a Edinburgh a 1860, ya kuma yi yawancin aikinsa a Oxford. Tun kafin yaƙin ya saba da gurɓatacciyar iska. Bayan fashewar da ta auku a mahaƙar kwal ta Tylorstown a 1896, ya nuna cewa yawancin mamatan ba wuta ce ta ci su ba, iskar carbon monoxide ce, wato irin wadda ke fita daga janareta ta hallaka iyali a ɗakin da aka rufe. Shi ya ba da shawarar shiga rami da ƙananan dabbobi kamar ɓera ko kanari, domin su kan jigata kafin mutum.

Da ya duba waɗanda gubar ta kama, ya tabbatar kulorin ce. Ana cikin haka jaridar Daily Mail ta yi kira ga matan Ingila su ɗinka takunkumin auduga, suka ɗinka masu ɗimbin yawa. Niyya ce mai kyau, amma aikin bai yi amfani ba: busasshiyar auduga ba ta tare gubar, jiƙaƙƙiya kuwa ba a iya numfashi ta cikinta.

Haldane ya bi hanyar da ya saba, wato gwaji a jikinsa. Shi da abokan aikinsa, har da ɗansa J.B.S. Haldane wanda hafsan soja ne a lokacin, suka riƙa shiga ɗakin da aka saki kulorin, suna gwada takunkumi iri-iri, suna fitowa da tari da ciwon ƙirji. Daga nan aka samu takunkumin baƙin mayafi, wanda aka raba a watan Mayu: ragowar zaren auduga da aka tsoma cikin ruwan sinadaran da ke kashe kaifin kulorin, a naɗe cikin mayafi a ɗaura a baki da hanci. Kariyarsa ta 'yan mintoci ce, kuma ba a jima ba hular Cluny Macpherson mai rufe kai gaba ɗaya ta maye gurbinsa, amma ya toshe giɓin makonnin da soja ba shi da komai. Daga baya Haldane ya ƙera na'urar bai wa waɗanda gubar ta lalata wa huhu iskar oksijin.

Ya rasu a Oxford a watan Maris na 1936, sanadiyyar ciwon huhu, jim kaɗan da dawowarsa daga Iran inda ya je binciken yadda zafi ke kayar da ma'aikatan man fetur.