Jibo Bakari: shugaban Sawaba da aka taɓa kira ɗan ta'adda

An haifi marigayi Jibo Bakari a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas, daga baya ya bar alli ya shiga kokowar ƙungiyoyin ma'aikata.

Ƙarfin jam'iyyarsa ta Sawaba a hannun talakawa yake: ƴan tireda, fataken goro, direbobi, teloli da matan kasuwa. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya hau shugabancin gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, ƙarƙashin Faransa. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi zaɓen raba gardama; Jibo ya ce a jefa ƙuri'ar a'a domin a sami ƴancin kai nan take. Gwamnan Faransa da sarakuna da dama suka juya masa baya, ya sha kaye, mulki ya koma hannun ɗan uwansa Jori Hamani.

A 1959 aka haramta Sawaba, ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya, Jibo ya yi gudun hijira zuwa Mali, sannan Gana da Gine. Da ƙofar siyasa ta rufe, magoya bayansa suka ɗauki bindiga. A ƙarshen 1964 suka kutso ta iyakoki, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965 wani ya jefa wa Jori gurneti a filin idi, yaro ya mutu. Gwamnati ta kira su ƴan ta'adda, kame ya wuce kan masu bindiga ya faɗa kan duk wanda aka zarga da Sawaba. Mutane da yawa sun shekara a kaso ba shari'a, wasu can suka cika.

Bayan juyin mulkin Seyni Kunce na 1974 Jibo ya dawo gida, amma a 1975 aka tsare shi shekara da shekaru. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 bai kai labari ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Jama'ar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, kun san ciwon ƴan bindiga, kuma tsare rayukanku haƙƙi ne a kan hukuma. Sai dai a watan Agusta 2024 an kafa dokar rajistar waɗanda ake zargi da ta'addanci, wadda ta ba da damar toshe dukiyar mutum, hana shi tafiya, har da cire masa shaidar zama ɗan ƙasa tun alƙali bai yanke hukunci ba. Falke da tafiya yake ci. Zamanin Jibo ya nuna cewa idan zargi kaɗai ya isa a kama mutum, mai ƙaramin ƙarfi ne ke fara shiga hannu. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.