Robert Bunsen

Robert Wilhelm Eberhard Bunsen (30 ga Maris 1811 – 16 ga Agusta 1899) masanin kimiyyar sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da murhun gas na ɗakin gwaje-gwaje wanda ake kira da sunansa, da kuma hanyar gane ƙarafa ta launin da gishirinsu ke bayarwa idan aka sa shi a harshen wuta. Shi da Gustav Kirchhoff ne suka gano sinadaran sisiyam da rubidiyam.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Bunsen a birnin Göttingen. Mahaifinsa, Christian Bunsen, farfesa ne kuma babban mai kula da laburaren jami'ar birnin. A wannan jami'a Bunsen ya yi karatu har ya samu digirin digirgir. Ya koyar a Göttingen, da Kassel, da Marburg, da Breslau, kafin ya koma Jami'ar Heidelberg a shekarar 1852.

Bincikensa na farko ya shafi arsenik, wani sinadari mai dafi. A 1834 shi da likita Arnold Berthold suka nuna cewa wani haɗin baƙin ƙarfe yana karya dafin arsenik. Aikin ya kasance mai haɗari: wani gwaji ya tarwatse a gabansa, ya rasa ganin idonsa na dama.

Murhun Bunsen

Tun kafin zamaninsa masana sun san cewa gishirin wasu ƙarafa yana canza launin wuta. Matsalar ita ce fitilun lokacin suna da hayaƙi da nasu hasken, wanda ke gurɓata launin da ake son gani. A 1855 Bunsen da maƙerin jami'ar, Peter Desaga, suka kammala wani murhu da ke gauraya gas da iska kafin su kama wuta. Harshen wutarsa yana da zafi sosai, ba ya hayaƙi, kuma kusan ba shi da launi. Bunsen bai yi rajistar mallakar wannan ƙirƙira ba, don haka ta bazu cikin sauri.

Gwajin launin wuta

A wannan gwaji ana tsoma tsaftatacciyar wayar filatinom cikin gishirin da ake bincike, sannan a kai ta bakin wutar. Sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, yana ba da launin rawaya mai ƙarfi. Litiyam da sitironshiyam suna ba da ja, kalsiyam ja mai ruwan lemo, fotasiyam shunayya mai haske, bariyam kore, jan ƙarfe kuma kore mai sirkin shuɗi. Daga baya aka fahimci dalilin haka: zafi yana ɗaga ƙarfin lantarkin da ke cikin ƙwayar zarra, idan ya sauko sai ya fitar da hasken da ya keɓanta da wannan ƙarfe.

Sai dai ido kaɗai yana iya ruɗuwa. Ɗan ƙanƙanin sodiyam yana rufe launin fotasiyam, shi ya sa ake duban wutar ta cikin shuɗin gilashi mai tare rawaya. Jan litiyam da na sitironshiyam ma suna kama da juna.

Aiki da Kirchhoff

A 1859 Kirchhoff, masanin fiziks a Heidelberg, ya ba da shawarar a ratsa hasken wutar ta cikin gilashi mai kusurwa uku wanda ke rarraba haske. Da na'urar da suka haɗa suka ga cewa kowane ƙarfe yana da nasa layukan haske a wurare tabbatattu, ko da an gauraya shi da wasu.

A 1860 suka ga wasu layuka shuɗɗa da ba na wani sanannen sinadari ba a cikin ruwan ma'adinai na Dürkheim. Bunsen ya sa aka ƙafar da kimanin tan 40 na ruwan domin a samu gishirin sabon ƙarfen, suka raɗa masa suna sisiyam, daga kalmar Latin mai nufin shuɗin sama. A 1861 suka gano rubidiyam ta jajayen layukansa. Da wannan hanya wasu masana suka gano taliyam da indiyam, kuma ita ta ba da damar sanin sinadaran da ke cikin rana da taurari.

Ƙarshen rayuwa

Bunsen bai yi aure ba, ya ƙarar da rayuwarsa a koyarwa da bincike. Cikin ɗalibansa akwai Henry Roscoe da Lothar Meyer. Ya samu lambar yabo ta Copley a 1860, sannan a 1877 shi da Kirchhoff suka zama na farko da aka bai wa lambar Davy. Ya yi ritaya a 1889, ya mutu a Heidelberg yana da shekara 88. Har yau ana koyar da gwajin launin wuta da murhunsa a makarantun sakandare.