Carl Gustav Jacob Jacobi

Carl Gustav Jacob Jacobi (10 ga Disamba, 1804 – 18 ga Fabrairu, 1851) masanin lissafi ne ɗan ƙasar Jamus. Ya shahara a ilimin lambobi da kuma reshen lissafin da ake kira eliftik.

Rayuwar farko

An haife shi a Potsdam, cikin masarautar Prussia. Iyayensa Yahudawa ne, mahaifinsa kuma ma'aikacin banki ne mai hali. Tun yana ɗan shekara 12 ya kai ajin ƙarshe na sakandare, amma jami'ar Berlin ba ta karɓar wanda bai kai 16 ba, sai a 1821 ya shiga. Ya samu digirin digirgir a 1825. A shekarar ne ya koma addinin Kirista, abin da ya buɗe masa hanyar koyarwa a jami'a. A 1826 ya tafi Königsberg, garin da yau ake kira Kaliningrad a Rasha, inda ya koyar kusan shekara 18.

Saiwar asali

Lamba mara rabuwa ita ce wadda ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 7. Idan aka yi ta ninka 3 da kanta ana rabawa da 7, ragowar da ke fitowa su ne 3, 2, 6, 4, 5, 1. Wato duk lambobin da ke tsakanin 1 da 6 sun bayyana, don haka ake kiran 3 saiwar asali ta 7. Lamba 2 ba ta kai wannan matsayi ba, domin 2, 4, 1 kawai take bayarwa sai ta koma farko. Gauss ne ya tabbatar a 1801 cewa kowace lamba mara rabuwa tana da irin wannan saiwa, sai dai babu gajeriyar hanyar gano ta.

A 1839 Jacobi ya wallafa Canon Arithmeticus, littafin jadawali da ya ƙunshi dukkan lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da 1000. Ga kowace ɗaya ya zaɓi saiwa, ya nuna sau nawa za a ninka ta kafin a samu kowace ragowa. Da wannan jadawali ninkawa takan koma tarawa. Aiki ne mai gajiyarwa wanda bai yi suna kamar sauran ba, amma masana sun daɗe suna dogaro da shi kafin zuwan kwamfuta.

Murabba'i huɗu

Lagrange ya nuna a 1770 cewa kowace cikakkiyar lamba jimlar murabba'i huɗu ce. Jacobi ya ƙara da gano adadin hanyoyin: a tara lambobin da ke raba ta, ban da waɗanda 4 ke rabawa, a ninka da 8. Masu raba 7 su ne 1 da 7, jimlarsu 8, saboda haka hanyoyin 64 ne, idan an lissafa sauyin jeri da na alama a cikin 4+1+1+1. Abin mamakin shi ne daga binciken eliftik wannan ya fito, fannin da ya yi tsere da Niels Henrik Abel a kansa. A 1830 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta raba musu babbar kyautarta, lokacin Abel ya riga ya rasu.

Ƙarshen rayuwa

Ciwon sukari ya kama shi a 1843. Ya je Italiya jinya, daga nan ya zauna a Berlin da alawus daga sarki. A lokacin boren 1848 ya yi jawabin siyasa da ya ɓata wa hukuma rai, aka yanke masa alawus, har ya mai da iyalinsa Gotha inda rayuwa ta fi sauƙi. Sai da jami'ar Vienna ta neme shi sannan aka maido masa. Ya rasu a Berlin sakamakon cutar agana yana da shekara 46.