Marigayi Alhaji Alhasan Ɗantata (1877–1955) da Yadda Ya Tafiyar da Fatauci

A fitowar nan mun ɗauko tarihin mutumin da ya fi kowa suna a cinikin gyaɗa, sana'ar da kakanninmu na Isa da Sabon Birni suka sha kora jakuna da raƙuma dominta zuwa Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya a 1929.

An haifi Alhasan a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, a gidan Agalawa, fataken goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma ƙasar Gwanja, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan sunan Ɗantata ya bi shi. Da ya tasa ya shiga fatauci, yana cikin na farko da suka riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, maimakon ayari ya yi watanni a hanya.

Jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912. Turawa auduga suka sa rai, sai ga gyaɗa ta cika tasha. Wannan abu ya ɗaure wa masana kai, har Jan Hogendorn ya bi diddiginsa a littafin da aka buga a Zariya a 1978. Ya gano cewa fataken goro ne suka juya akalarsu, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, ana bai wa manomi bashi ya biya da kaka. Paul Lovejoy kuma, a nasa binciken na 1980, ya bayyana yadda Agalawa suka daɗe da tsarin maigida da yara da fatoma da dillali, inda zumunta da auratayya da tsoron zubewar mutunci ke tsare dukiya. Wannan tsohon tsari ne Alhasan ya faɗaɗa bayan kamfanin Neja ya ɗauke shi sayen gyaɗa a 1918: ya ba yaro jari, in ya cika alkawari a ƙara masa, in ya ci amana hanya ta toshe. A ganina ɗalibanmu masu karatun sarrafa kasuwanci sun fi sanin Taylor na Amurka da wannan, abin kuwa da kunya.

Da aka buɗe banki a Kano a 1929, an ruwaito cewa kayan raƙumi 20 na sulallan azurfa ya kai ajiya.

Da ajali ya matso ya tara 'ya'yansa, ya gargaɗe su kada su wargaza kamfanin. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Sanusi da Aminu sun ci gaba da harkar, Aliko Ɗangote kuwa jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Allah ya jiƙansa, amin.