Hatimu Kurma, Malamin Da Ya Toshe Kunnensa Don Ya Rufa Asirin Mace

 Yau zan ba ku tarihin wani bawan Allah wanda ya rasu fiye da shekara dubu da ɗari da suka wuce, amma har gobe ana ambatonsa saboda wata karamci da ya yi wa mace 'yar'uwarmu.

Sunansa Hatimu, alkunyarsa Abu Abdurrahman. Mutumin Balkhu ne, wani tsohon birni na ƙasar Khurasan, wanda yanzu yake arewacin Afganistan kusa da Mazari Sharif. Littattafan tarihi sun fi saninsa da Hatimul Asammu, wato Hatimu Kurma. To, abin mamaki shi ne, kunnensa lafiya lau yake.

Ga yadda sunan ya samo asali, kamar yadda Imam Ƙushairi ya kawo a cikin Risalarsa. Wata rana wata mace ta zo wurinsa neman fatawa. Tana cikin magana sai iska ta kuɓuce mata da ƙara. Kowace daga cikinmu ta san irin kunyar da za ta rufe mace a gaban babban malami in haka ta faru. Hatimu ya ji sarai, amma bai nuna ko a fuska ba. Sai ya ce mata ta ɗaga murya, kamar dai maganarta ba ta isa kunnensa. Matar nan ta ɗauka malam kurma ne, hankalinta ya kwanta, ta yi tambayarta ta tafi da mutuncinta. Wasu marubuta sun ƙara da cewa ya ci gaba da nuna ba ya ji sosai shekara da shekaru, har matar ta rasu, don kada wani ya gaya mata cewa malam yana ji. Ya yarda a kira shi kurma har abada, in dai ita ba za ta kunyata ba.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo masa ba. Hatimu almajirin Shehu Shaƙiƙu na Balkhu ne, wanda ya rasu a shekara ta 194 bayan Hijira. Imam Gazali ya ba da labari a cikin Ihya'u cewa bayan shekara 33 suna tare, Shaƙiƙu ya tambaye shi abin da ya koya, shi kuwa ya ce mas'ala 8 kacal. Ɗaya daga ciki ita ce, ya duba mutane ya ga suna sukan juna suna cin naman juna, ya gane tushen abin hassada ce. Da ya tuna Allah ne ya raba arziki tsakanin bayinsa, sai ya bar hassada. Wata kuma, ya ga mutane suna gaba da juna, sai ya riƙi Shaiɗan shi kaɗai a matsayin abokin gaba. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Wadda ta yarda da rabonta, me zai kai ta leƙa tukunyar maƙwabciya?

Hatimu ya je Bagadaza, ya sadu da Imam Ahmadu ɗan Hambali. An ruwaito cewa Imam Ahmadu ya tambaye shi hanyar kuɓuta daga mutane. Ya lissafa masa abu uku: mutum ya ba su nasa kada ya karɓi nasu, ya biya musu haƙƙinsu kada ya matsa musu a kan nasa, ya jure cutarsu kada ya cuce su. Imam Ahmadu da kansa ya yarda abin yana da wuya. Hatimu ya rasu a shekara ta 237 bayan Hijira, wato wajen 851 ta Miladiyya.

To, mu fa? Shi ya ji abin da bai nema ba ya yi kamar bai ji ba, mu kuwa sau da yawa abin da ba a gaya mana ba muke bi muna tonowa. Ana laɓe a bayan labulen kishiya. Ana aika yaro gidan amarya wai ɗebo wuta, alhali ƙirga kayan ɗaki aka tura shi. Ana bugun cikin 'yar aikin maƙwabta a ji abin da maigida ya bayar na cefane. A gidan suna a tsare wadda ba ta haihu ba da tambaya, a gidan biki a tsare bazawara sai ta faɗi abin da ya kashe aurenta. Yanzu kuma ga waya, mai ita na juya baya a ɗauka a hau karanta saƙonninta. Aure nawa ya mutu, zumunci nawa ya yanke ta wannan hanya?

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana mugun zato da bin diddigi da gulma, duk a jere, domin ɗaya ke haifar da ɗaya. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, in an ce a koma kuma a koma. Hadisi ingantacce ya yi alkawarin cewa wanda ya rufa asirin Musulmi, Allah zai rufa nasa duniya da lahira, wani kuma ya yi gargaɗin narkakkiyar darma a kunnen mai sauraren zancen mutanen da ba su so ya ji.

Ba ana nufin uwa ta daina lura da tarbiyyar 'ya'yanta ba, ko kuwa a ga ana zaluntar wata a yi shiru. Wannan kula ce, kuma wajibi ce. Abin da aka hana shi ne sa ido don a sami na faɗa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Saboda haka in kunnenki ya tsinci abin da zai kunyata 'yar'uwarki, ki ari kurumtar Hatimu, ki bar shi a cikinki, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin. Sai mun sake saduwa.