Oumarou Ganda: ɗan dako da ya ɗaga sunan Nijar a sinimar Afirka

Duk wanda ya san Yamai ya san cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Amma yaranmu da yawa ba su san mai sunan ba.

An haifi Oumarou Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin. Da ya dawo gida bai samu aikin yi ba, sai ya bi hanyar da dubban ƴan'uwanmu ke bi har yau: ya tafi cin rani Abijan, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, mai binciken rayuwar ƴan cin rani. Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda Ganda ya nuna wahalar baƙon da ke neman abinci a ƙasar wani. Bayan nan ya koma Yamai, ya koyi aikin kyamara da tsara fim a cibiyar al'adun Faransa da Nijar.

Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da Zabarmanci aka yi shi, shi ne kuma ya fito a matsayin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙi, abokai da mata suka cinye kuɗinsa, ƙarshe ya koma gona. An nuna shi a bikin Kan na Faransa a 1969.

Le Wazzou polygame kuwa ya taɓa abin da mutane ke tsoron faɗa: Alhajin da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa miji, don dai yana da kuɗi, har abin ya ƙare da zubar jini. A 1972 fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. A Saïtane ma ya tona asirin malamin tsibbu da ke haɗa matar aure da mai kuɗi. Jaruma Zalika Souley na cikin waɗanda suka fito a finafinansa. Na ƙarshe shi ne L'Exilé, a 1980.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga sabon mai shirya fim.

Cin rani, auren dole, kuɗin da ke ƙarewa a hannun abokai, duk muna fama da su a garuruwanmu. Ya kamata a riƙa nuna wa yaranmu waɗannan finafinai a makarantu da gidajen matasa. Allah ya jiƙansa da rahama.